Hoton da Ya Ƙi Buɗewa

"Kashe ta ka kunna, Baba," in ji mai gyaran waya, ko ɗago kai bai yi ba.

Dattijon ya kashe, ya kunna. Sati biyu ke nan yana jinyar matarsa a Haɗeja. Gonar shinkafarsa tana Auyo a hannun ƙanensa, saura kwana goma a yanka. Yau da safe ƙanen ya turo masa hoton gonar, bai haɗa da ko kalma ɗaya ba.

"Har yanzu ya ƙi buɗewa. Ba komai sai toka-toka."

Mai gyaran ya karɓa, ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya buɗa hoton da yatsu biyu. Can gefe, wani jan ɗigo ya girma.

"Baba, wannan hular fa?"

"Tawa ce. Ita na ɗora wa mutum-mutumin korar tsuntsaye. Ai ya fi ni tsawo."

Mai gyaran ya miƙa masa wayar.

"Wayarka lafiya lau take, Baba. Ruwa ne."

Dattijon ya daɗe yana kallon hularsa a bisa ruwan. Sannan ya ce, "Duk da haka, ɗan nan, sake kashewa ka kunna."