Ambaliyar Kowace Safiya

"Tasi'u, manhajarka ta sake yi mana ƙarya!" in ji Alhaji Gwadabe, shugaban manoman shinkafa na unguwarsu a Haɗeja. "Ta ce ambaliya na tafe, mutane suka yanke shinkafa ɗanya, ga kogi ko motsi bai yi ba."

Tasi'u ya share gumi. Da yaren kwamfuta na Python ya rubuta manhajar, na'urar auna ruwan kogi da ke turo mata bayani kuwa yaren C kaɗai take ji. Shi ya sa ya aro hanyoyin buɗe fayil da karantawa na C, yana kiran su daga Python. Ya tabbata a wannan mahaɗar matsalar take. Ya warware, ya sake ɗaurawa, ya bi layi-layi har idonsa ya yi ja. Sakamako bai canza ba: da safe ambaliya, da yamma fari.

Ya hau babur zuwa Baturiya, inda aka kafa na'urar a bakin ruwa, don ya duba ta. Turke kawai ya tarar. Masunta suka ce ai shugaban manoma ya ɗauke ta tun ranar ƙaddamarwa.

Washegari ya yi sammako gidan Alhaji.

"Kayan tsada haka a bar wa ɓarayi a daji?" in ji Alhaji, yana jan sa ciki. "Kun ce kada ta rabu da ruwa, kuma ban saɓa ba."

Ga ta nan tsundum cikin randar tsakar gida. Ɗan garuwa ya juye jarkar farko a ciki. Wayoyin manoma suka ɗauki ƙarar gargaɗin ambaliya a duk faɗin fadama.