Tsatsar Motar Halfan

Halfan ya ɗare kan kujera da samfefa a hannu, ya leƙa rufin motarsa, ya tarar tsatsar ta dawo, jajir, kamar an barbaɗa yaji.

Duk garin Sur na bakin teku an san yadda Halfan dillalin dabino yake ji da a-kori-kurarsa. Idan matarsa Zuwaina ta yi tari, ce mata yake ta sha ruwan ɗumi; idan motar ta yi, ranar ba a cin abinci cikin kwanciyar hankali. Jikin motar fes yake sheƙi, rufin ne kawai ya ƙi zaman lafiya.

Babu abin da bai gwada ba. Ya kankare, ya shafa jan fenti mai hana tsatsa, ya bi da kakin mota. Mai fenti ya ce iskar teku ce, ya riƙa wankewa da ruwan famfo. Kullum da safe sai ya wanke, amma kafin wata ya zagayo tsatsar ta sake tofowa. Ya sayo tamfol ya lulluɓe, sai ya tashi daga barcin rana ya same shi a naɗe tsaf a gefen taya. Ya ce zai koma ajiye motar a inuwar masallaci, mahaifiyarsa Mauza ta hana.

"Inuwa damshi take tarawa. Bar ta a rana, ɗan nan."

Maganar Umma ba a musa ta. Motar ta ci gaba da kwana da wuni a ƙofar gida, magunan unguwa na zagaye ta kamar masu jiran sadaka.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne motar maƙwabcinsa Marhun, wata kwarababbiya da ba ta taɓa ganin soso ba, amma rufinta ko ɗigon tsatsa babu. Wata la'asar Halfan ya shafa rufin tasa, ya lasa yatsa. Gishiri zau.

Bai tsaya sa takalmi ba ya tsallaka titi.

"Marhun, iskar tekun nan motata kaɗai ta sani?"

"Wataƙila taka ta fi mata kyau," in ji Marhun, yana sakace.

"Ruwan teku kake watsa mata ina barci. Hassada ce ke cin ka tun ranar da na sayo ta."

Maganar ta kai gaban mai unguwa. Marhun ya rantse bai taɓa zuba wa motar ko ɗigon ruwa ba. Da aka ce ya rantse bai san mai yi ba, sai ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, ya ce shi bakinsa da nauyi. Halfan ya karkaɗe rigarsa ya fita. Abotar da suka faro tun suna kamun ƙaguwa a bakin ruwa ta tsaya nan. Ko gaisuwa ya yanke, duk da Umma ba ta fasa aika wa gidan Marhun kwanon busasshen kifinta ba, kifin da Halfan ke cika baki da shi a kowane taro.

Halfan ya rushe rumfar awaki ya gina gareji, ya sa ƙofar ƙarfe, ya rataya makullin a wuya. Tsatsa ta ɗauke ɗif. Ya bi majalisa majalisa yana shelar cewa gaskiya ta yi halinta, Marhun kuwa ya daina zama a ƙofar gida.

Ranar Juma'a Halfan ya tara dillalai 'yan uwansa cin abinci, don su ga rufin da idonsu. Aka kawo shinkafa da kifi. Ya kai loma, ya yamutsa fuska. Kifin ya yi laɓo-laɓo, har da ɗan bashi. Baƙi suka fara ture shi gefen faranti.

"Zuwaina," ya ɗaga murya wajen labule, "wane irin abin kunya ne wannan? Ina kifin Umma?"

Muryar Umma ce ta amso daga ciki, babu ko gaggawa.

"Shi ne wannan. Tunda ka kulle min motar a ɗaki, a kan me kake so in shanya shi?"