Hannun Kumatu a Gwangwanin Madara

Telar da ke ɗakin ƙarshe a gidan hayar nan mace ce mai hannu. Ba ta ganin ƙyalle ko kwali ta bar shi ya tafi shara. Da ta haifi 'yarta ta fari, wadda kowa ke kira Kumatu saboda kumatunta kamar an hura, sai abin ya ƙaru. Ta yanka tsuntsayen takarda ta rataye a saman gado, ta cusa auduga a tsohuwar safa ta yi mata 'yartsana mai ido ɗaya babba ɗaya ƙarami. Duk abin da ta gama sai ta ɗauki hoto ta tura wa mijinta, direban babbar mota da ke yin makonni a kan hanya.

Wata rana ta ci karo da wani bidiyo a waya. An tsoma hannun jariri a kwano, an zare, can sai ga farin hannu na ado a kan tebur, har da layukan tafi. Yaren da ake yi ba ta ji, bidiyon kuma gudu yake. Ita dai ta ga farin gari, ta ga ruwa, ta ga hannu. Abin ya shiga ranta ya zauna.

Ana gyaran wani gida a layinsu. Ta leƙa ta tarar da magini yana kwaɓa farin garin da ake adon silin da shi.

"Sannu da aiki, Malam. Don Allah a sam mini garin nan kaɗan."

"To fa! Ke ma silin za ki yi, baiwar Allah?"

Ta yi dariya. "Ɗan abin ado ne kawai."

Ya zuba mata a leda. Ba ta faɗa masa ainihin abin da za ta yi da shi ba, shi ma bai ƙara tambaya ba.

Da hantsi ta shayar da Kumatu har ta yi barci. Ta ɗauko gwangwanin madara ta kwaɓa garin a ciki. Da ruwan ɗumi ta kwaɓa, wai kada sanyi ya tashi yarinya. Maƙwabciyarta mai kitso ta leƙo ta labule.

"Ke kuma yau me ake haɗawa?"

"Hannun Kumatu zan fitar, Yaya. Babanta ya dawo ya sha mamaki."

"Ni dai ki yi a hankali. Hannun jariri ba abin gwaji ba ne."

"Kin cika tsoro, Yaya. Ai a waya na gani."

Mai kitso ta taɓe baki ta koma wurin aikinta.

Tela ta ɗora yarinyar a cinya, ta tura ɗan hannun damanta cikin kwaɓin har wuyan hannu, ta riƙe. Jim kaɗan Kumatu ta motsa ta fara ƙananan kuka.

"Yi haƙuri, uwata, saura kaɗan," in ji ta, tana jijjiga ƙafa. Ta ƙara riƙe damtsen gam, kada motsi ya ɓata zanen yatsu.

Kukan ya canja. Ya zama wata irin ƙara da ba ta taɓa ji daga bakin 'yarta ba. Ta kai hannu ta taɓa gwangwanin, ta janye da sauri. Zafi yake kamar an sauke shi daga wuta. Ta ja hannun yarinyar, ya ƙi fita. Garin ya daskare ya zama dutse, yatsun kuma sun dunƙule a ciki.

"Yaya! Yaya, ki zo! Na kashe 'yata!"

Mai kitso ta shigo a guje. Suka zuba mai, suka zuba ruwa, suka caka cokali, a banza. Suka fita da yarinya da gwangwani a hannu, tela ko takalmi babu. Kafin su sami abin hawa su isa asibiti, muryar Kumatu ta dishe, sai baki kawai take buɗewa.

Likitoci suka yanka gwangwanin, suka farfasa garin a hankali. Da likita ya fito, tela ta durƙusa a gabansa.

"Mama, garin nan idan yana daskarewa zafi yake fitarwa," in ji shi. "Ruwan ɗumi kuma yana ƙara masa sauri. Masu wannan aikin wani abu mai laushi suke fara tsoma hannun a ciki, sai sun zare shi sannan su zuba garin a gurbin. Ba ya taɓa fata."

"Hannun fa, likita?"

Ya ce, "Babban yatsa ya tsira. Sauran sun ƙone har ciki, sai an cire."

Washegari mijin ya iso da ƙurar hanya a jikinsa. Bai zage ta ba, bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a bakin gado yana kallon ɗan dunƙulen bandejin, hawaye na zuba a gemunsa. Da ma dukanta ya yi, da ta fi samun sauƙi.

Kumatu ta farka. Ta ga uwarta, ta yi mata murmushi, ta miƙo hannun mai bandeji za ta kama wuyan rigarta kamar yadda ta saba. Hannun ya zame. Ta sake miƙowa, ya sake zamewa. Tela ta toshe bakinta da mayafi ta fita da gudu, kada yarinyar ta ji kukanta.

Iyaye, yi wa yaro abin wasa da hannunku abu ne mai kyau, amma ba duk abin da kuka gani a waya ake gwadawa a jikin jariri ba. Abin da ba ku san shi ba, ku tambaya, ku faɗi kuma abin da za ku yi da shi. In jariri ya yi kuka, a dakata a duba, domin kukan nan shi kaɗai ne bakinsa.