Gindin Feda Mai Murɗin Baibai

Akwai wani manomin rani da yake kai tumatir kasuwar gari a kan kekensa. Mutum ne mai ƙarfin hannu, tun tasowarsa bai taɓa cin karo da notin da ya gagare shi ba, wannan kuwa shi ya cuce shi. Ana gobe kasuwa ya tsinke tumatirinsa, kwando biyu sun nuna jajur, ba za su wuce gobe ba. Sai ya ji gindin feda, inda ƙarfen da ke riƙe fedoji yake juyawa a cikin firam ɗin keken, yana ƙara ƙaƙas-ƙaƙas. Irin na zamani ne, rufaffe tun daga kamfani, ba a buɗe shi a cusa giris. In ya mutu cire shi ake yi a sa sabo. Ya sayo sabon, ya ari sufana, ya ce ba zai kai wa mai gyara aikin da yaro ma zai iya ba. Ya kwantar da keken a tsakar gida, ya cire fedoji, ya kama murfin gefen hagu ya murɗa hagu kamar kowane noti, ya fito salin-alin. Ya juya gefen kaca ya murɗa haka nan. Ko gezau. Matarsa tana tankaɗe a gefe, ta ɗaga kai ta ce, "Malam, bari. Ni dai na ga kamar shigewa yake ƙara yi. Ka tura shi wurin mai gyara tun da sauran rana." Ya ce, "Ke da rariyarki, me kika sani a ƙarfe? Tsatsa ce." Ya zuba kananzir, ya ƙwanƙwasa da guduma, ya zura bututun ƙarfe a hannun sufanar don ta yi tsawo. Da ya ga hannu ya kasa, ya hau da ƙafa ya danna da duk nauyinsa. Abu ya ce ƙas.

Da safe ya turo keken har bakin kasuwa, ba kwando ko ɗaya a bayansa. Mai gyara ya durƙusa ya shafa inda firam ya tsage, ya ce, "Hoho, maigida. Gefen kaca ai baibai aka yi murɗinsa, don kada taka feda ta riƙa kwance shi a hanya. Hannun dama ake juya shi ya fita. Kai jiya ɗaure shi ka wuni kana yi." Tumatir kuwa yana can zaure ya fara ruwa, ƙuda na bi. Matar ta ɗauko wuƙa ta yanka abin da ya yi saura ta shanya a kan rufi. Ƙarfi yana da amfani, amma bai san hagu da dama ba, sai an nuna masa. Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.