Lawashin Cikin Daro

Haladu manomin gero ne a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, kuma a ranin 1994 babu wanda ya kai shi fara'a. Matarsa Safara'u ce ta samu ciki, bayan shekarun da suka yi suna jira har dangi suka gaji da tambaya.

To, cikin ya zo da kwaɗayi. Ba nama ba, ba kifi ba, ɗanyen lawashi take so, wato ganyen albasa, a kwaɗanta mata da ƙuli-ƙuli. Ga ƙasar yashi, ga rijiya da zurfi, ba mai lambu a kusa.

"Malam, wallahi ko ina zaune ƙamshinsa nake ji," in ji ta.

"Lawashi kawai? Bar ni da shi."

Bawan Allah ya samo tsohon daro mai huji, ya cika shi da ƙasa da taki, ya barbaɗa irin albasa da yawa, ya ajiye a inuwar rumbu. Ragowar ruwan butarsa yake yayyafa masa. Abokai suna ta yi masa tsiya wai ya buɗe fadama a daro, shi kuwa ko a jikinsa. Tsiron ya fito siri-siri kamar zare, kowanne da baƙin ɓawon iri a kansa. Safara'u kan tsuguna ta yi ta kallo.

Kwatsam sai ƙwari suka far wa daron. Ranar Alhamis Haladu ya je kasuwar Maigatari, ya kai kukansa wurin wani mai tallan maganin ƙwari. Mutumin ya ɗebo farin gari daga buhu, ya ƙulle masa a leda.

"Barbaɗa kawai, ko kunama ce ba za ta kai labari ba."

Ba suna, ba takarda. Haladu bai tambaya ba, mai sayarwa bai faɗa ba. Don tsabar son matarsa ma sai ya zazzage ƙullin gaba ɗaya a kan tsiron.

Washegari ƙwari sun mutu. Safara'u ta yanko lawashinta, ta ɗauraye shi sama-sama don kada ya dagargaje, ta yi kwaɗo, ta miƙa wa mijinta.

"Ci abinki," ya ce yana dariya. "Ai ku biyu ne."

Kafin azahar ta fara amai, gumi na keto mata, yawu na dalala, jiki na ɓari. Lokacin wahalar fetur ne, ko mota ɗaya babu a bakin hanya. A amalanken shanu aka ɗora ta zuwa Gumel. Haladu na tafe a gefe yana riƙe da hannunta, salati kawai yake yi, don ba shi da abin yi.

A asibiti wata nas mai suna Keziya ta tare shi. Ya ba ta labarin daron.

"Wane magani ne, Malam? Ina kwalinsa?"

Ya zaro fankon leda daga aljihu. "Fari ne, Malama."

"Fararen ai suna da yawa, kuma kowace guba da makarinta. Ka tuna sunan, don Allah!"

Kaico! Ina zai tuna abin da bai taɓa ji ba? Ya tsaya da leda a hannu, hawaye na zuba.

Ma'aikata sun yi iya ƙoƙarinsu. Safara'u ta rayu, amma cikin ya zube. Da ta farfaɗo ta ɗora hannu a mararta, ta dubi mijinta.

"Malam, ban ji yana motsi ba."

Haladu ya zauna a bakin gadon, ya ɗora hannunsa a kan nata.

Da suka koma gida, sun tarar lawashin ya sake tohowa kore shar, babu ƙwaro ko ɗaya.

Jama'a, maganin ƙwarin da ba shi da suna ba shi da takarda, kada ku saya. Kuma duk ganyen da za a ci ɗanye, kada a kusantar da guba gare shi.