Layin da ya fito ja

Tun da injina suka karɓi aikin gini a Funtuwa, ba a ƙara ganin birkila a kan tsani ba. Injin yakan yi aikinsa, ya rubuta rahoto a allon da ke bakin fili. Saƙonnin kan fito a cakuɗe, shi ya sa ake kiran Sagir ya tsara su yadda mutum zai iya karantawa.

Zulai ce ta kira shi ranar Laraba da hantsi. Gida take gina wa kanta da mahaifinta, Malam Hashimu.

Sagir ya daidaita layukan, suka jeru kore. Guda ɗaya ne ya fito ja: "Ɗakin Zulai: an soke. Ba za a buƙace shi ba."

"Kuskure ne, ko?" ta tambaya.

Sagir bai ɗago kai ba. "Hajiya, na taɓa ganin irinsa a gidan wani tela."

"Ya aka yi?"

"Iyalinsa sun tare bayan sadakar arba'in ɗinsa."

Ta daɗe tana sauraren injin yana jera bulo.

"Za ka iya goge shi?"

"Ba ya goguwa. Launi kawai nake iya canzawa."

"To mayar da shi kore. Baba launi kaɗai yake iya gani yanzu."

Da la'asar Malam Hashimu ya iso yana dogara sanda. Ya ƙura wa allon ido, ya yi hamdala, sannan ya tambaye ta wane fenti take so a ɗakinta.