Kwalbar 'Yar Gayu

Kwana biyu ke nan Sista Babba tana gadin kwalabe goma sha biyu a kan tebur, kamar kaza a kan ƙwai.

Kuɗin da aka ba ta don horar da nas-nas kan tsaftar muhalli, ko kunya ba sa ji. Ta soke alawus, ta soke ruwan gora, ta jawo tsohuwar kular ruwa daga sito ta girke a bakin ƙofa kowa ya sha, ta rage naman abincin rana har sai an sa tabarau. Da abin da ya saura ta sayi 'yan kwalaben gwaji masu arha. Ka zuba ruwa ka rufe, in akwai ƙazanta, kafin kwana biyu ya yi baƙi.

Darakta ya juya ɗaya a hannu ya taɓe baki. "Sista, wannan ai wasan yara ne. In ban ga aikinsu da idona ba, daga bana an rufe horon nan."

Shekara shida tana fafutukar horon, wallahi ba za ta bari ya mutu a hannunta ba. Ta raba wa nas goma sha biyu kwalba ɗaiɗai, kowacce da rijiyar da za ta ɗebo. Suka dawo wujiga-wujiga, takalma duk laka. 'Yar Gayu kuwa, wadda aka tura rijiyar bayan mayanka, mafi nisa duka, ita ta riga kowa dawowa, takalminta fari tas. Sista Babba har ta yi wa sauran gori da ita.

Sai jira. Ana darasi ana leƙen tebur, ana kuma layi a ƙofar banɗaki, don tun farkon mako cikin kowa ke kuka. Sau biyu Sista Babba tana wanke mai abinci tas, baiwar Allah tana rantsuwar ba daga abincinta ba ne.

Kwalaben duk suka ƙi ko gezau, garau kamar hawaye. Ai fa hankalinta ya tashi. Ma'aikaciyar lafiya guda, ga ta tana addu'ar Allah Ya sa a samu ruwa mai ƙazanta! Ta yi istigfari, ta sake roƙa.

Ranar rufe taro da safe, ta goma sha biyun, wato ta 'Yar Gayu, ta koma baƙi ƙirin kamar tawada. Sista Babba ta rungume 'Yar Gayu don murna. Ita kuwa yarinyar ta yi tsuru-tsuru, aka miƙa mata kofin ruwa ta ce azumi take.

Darakta ya iso da tawagarsa. Ya ɗaga kwalbar a hasken taga, ya buɗe, wari ya buge shi har ya ja da baya. Nan take ya sauya waƙa. Ya yi jawabi na rabin awa kan basirar Sista da jahilcin masu shan ruwan da ba su gwada ba, har maƙogwaronsa ya bushe. Sista Babba da kanta ta tsiyayo masa ruwa kofi biyu daga kular, ita ma ta kora ɗaya, zuciyarta fari ƙal.

"Horo ya ɗore," in ji shi yana goge baki. "Rijiyar nan kuwa yau zan sa mata kwaɗo. 'Yata, tashi ki kai mu."

'Yar Gayu ta miƙe, manya suka bi ta a baya. Taku biyar ta yi ta tsaya a bakin ƙofa, ta dafa murfin kular.

"Ranka ya daɗe, ranar nan rana ta yi zafi ban je ba, a nan na ɗiba."